An yanke wa ƙanena hukuncin rataya kan faɗan ruwa a fadama, ɗaukaka ƙara za ta yi amfani?

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dole ce ta sa ni magana. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin rani. Albasa da tumatur yake yi a fadamar garinmu, inda mutum goma sha ɗaya ke shan ruwa daga magudana guda, kowa da ranarsa. Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan, ana tsakiyar sanyi, ranar da ruwa ya zo kansa ya yi sammako bayan asuba, ya tarar an toshe bakin magudanarsa da laka an karkatar da ruwan zuwa fangalin maƙwabcinsa. Karo na uku ke nan. Wanda ya san albasa ya san in dashe ya rasa ruwa a makon farko, sai dai wani dashen.

Yana cikin buɗewa maƙwabcin ya iso. Daga cacar baki zagi ya kai ga uwa, mutumin ya kwaɗa masa mari, ya tura shi cikin laka, ya bi shi da guntun tiyo. Ƙanena ya miƙe ya buga masa shebur a ka, sau ɗaya. Mutumin ya faɗi. Shi ƙanen nawa ne ya yi kururuwa ya tara jama'a, shi ya riƙe shi a kan babur har asibiti, rigarsa jina-jina. Bayan kwana biyu rai ya yi halinsa.

Ban zo nan don in ce bai kashe ba. Ya kashe. Marigayin kuma ba baƙona ba ne, mun sha haɗa hannu a kwano ɗaya. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, har yau in na yi kiciɓis da babban ɗansa a kasuwa sai in rasa inda zan sa idona.

Yau kwana 23 da Babbar Kotun jiharmu ta yanke hukunci. Ina ciki. Mai shari'a ya fi awa guda yana karatu da Turanci, ba abin da na tsinta sai lamba 221 da ya yi ta maimaitawa. Da ya gama, tafinta ya juyo ya faɗa da Hausa, amma muryarsa ta yi ƙasa. Ƙanena na tsaye a akwati ya riƙe katako da hannu biyu, sai ya ce, "Malam, shekara nawa ya ce?" Tafintan ya sunkuyar da kai. Gandiroba ne ya raɗa masa a kunne.

Tun ranar kowa da abin da yake gaya mini. Wani ɗan baffanmu da ya yi karatu a Legas ya duba takardar tuhumar ya ce ai ba *murder* aka rubuta ba, *culpable homicide* aka rubuta, don haka kuskure alƙali ya yi, wannan ba laifin rataya ba ne. Inna kuma ta kafe cewa in dangin marigayin suka yafe, shi ke nan an gama, har ta fara aiken dattawa. Sai kuma maganar sitatimen ɗin da ya bayar a wajen 'yan sanda. Da Hausa ya yi magana, bai iya ko gaisuwa da Turanci ba, amma takardar da aka kawo kotu da Turanci take, da dangwalen yatsansa a ƙasa. A ciki an rubuta wai bayan marin ya tafi bukka ya ɗauko shebur ya dawo. Shi kuwa rantsuwa yake yi cewa shebur ɗin na hannunsa tun farko. To da me zai buɗe magudana, da farce? Bukkar nan na auna ta da ƙafata, taku ɗari biyu ne da 'yan kai.

Don Allah masana, mene ne gaskiyar bambancin nan? Kuma in mun ɗaukaka ƙara akwai abin da zai sauya, ko asarar kuɗi kawai za mu yi? Gona ɗaya ta rage mana.

Barista Uwani ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya kawo muku mafita.

Kafin komai, ƙirga kwanaki. A shari'ar laifi kwana 90 doka ta bayar daga ranar hukunci don a shigar da takardar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kun ci 23, saura 67. Kada ku tsaya jiran kuɗi su taru. Tunda hukuncin kisa ne, sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi wannan haƙƙi kai tsaye, ba sai ya nemi izini ba. Ya sa hannu ko ya dangwala da kansa a gidan yari, domin an sha korar ƙara a baya kan sa hannu kawai. Kuma muddin ƙarar na gaban kotu ba a isa a taɓa shi ba. A 1981 jihar Oyo ta zartar da hukuncin kisa kan wani Nasiru Bello alhali ƙararsa ba ta ƙare ba, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce haramtaccen kisa ne, ta sa aka biya iyalansa.

Ɗan baffanku dokar Kudu ya karanta. Can suna amfani da Kiriminal Kod, mai suna biyu daban ga laifi biyu. Mu a Arewa Final Kod ce, ita kuwa duk kisan da mutum ke da laifi a cikinsa suna ɗaya ta ba shi, wanda kuka gani a takardar. Daga nan ta raba shi gida biyu: mai hukuncin kisa, sashe na 221, da marar hukuncin kisa, sashe na 222, wanda horonsa ke sashe na 224, wato ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara. Wasu jihohi irin Kaduna sun sabunta tasu dokar a 2017, lambobi sun sauya, amma ginin ɗaya ne. Don haka alƙali bai yi kuskuren suna ba. Kuma da zarar ya sami mutum da laifi a 221, ba shi da zaɓi, rataya ce kawai doka ta rubuta.

Me ke sa kisa ya faɗa 221? Ko dai mutum ya yi nufin kashewa, ko kuma ya san, ko ya kamata ya sani, cewa abin da ya yi mutuwa ce ta fi rinjaye ya haifar, ba wai tana iya yiwuwa kawai ba. Tunda ba a shiga zuciya, alƙali makami yake dubawa, da inda aka buga, da ƙarfin bugun, da sau nawa. A nan ba zan ɓoye maka ba, shebur ƙarfe ne, kai kuma kai ne. "Sau ɗaya ya buga" ita kaɗai ba za ta fisshe shi ba.

Ƙofarku tana 222. Akwai tunzurawa mai tsanani ta ba-zata, wadda ta fitar da mutum daga hayyacinsa. Akwai wuce iyaka wajen kare kai ba da mugun nufi ba. Akwai kuma ƙaramin sashe na 4, wanda a ganina shi ya fi dacewa da labarinka: faɗa ya ɓarke nan take, cikin zafin rai, ba shiri, kuma wanda ya yi kisan bai ci zalin abokin faɗansa ba, bai yi rashin imani ba. A wannan ma doka ta ce ba ruwanta da wanda ya fara. Kare kai zalla, wanda ake sallamar mutum gaba ɗaya, ni ban ga alamarsa ba. Tiyo da shebur ba su yi daidai ba.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa taku ɗari biyun nan su ne shari'ar baki ɗaya. In shebur na hannunsa, faɗan nan take ne. In ya je bukka ya dawo, lauyan gwamnati zai ce ya sami lokacin hucewa, ya zaɓi makami, ya dawo da niyya. Akwai sananniyar shari'a a Indiya, kuma dokarsu kakar tamu ce. A 1959 wani hafsan sojan ruwa mai suna Nanavati, matarsa ta faɗa masa tana tarayya da abokinsa. Ya kai ta silima ita da yara, ya wuce jirginsu ya karɓi bindiga, ya je gidan mutumin ya harbe shi. Ya ce tunzura shi aka yi. A 1961 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a'a, wanda ya iya kai iyali kallo ya je ya ɗauko bindiga, jininsa ya sami lokacin sanyi. Nasa wajen awa uku ne, naku 'yan mintuna, ba ɗaya ba ne, amma ma'aunin shi ne dai.

Game da sitatimen: in ta bakin tafinta aka ɗauka, dole tafintan ya zo kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama "an ce". Abin da aka saba kuma shi ne a rubuta da harshen da mutum ya yi magana, sannan a fassara, a kawo duka biyun. Ka bincika ko lauyanku ya yi jayayya lokacin da aka miƙa ta, da me ya ce.

Abu na ƙarshe da mutane ba su cika ganewa ba: ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a ba ce. Alƙalai uku ne za su zauna da kundin abin da aka rubuta a kotun ƙasa. Ba za su je fadama ba, sabon shaida kuma da ƙyar ake karɓa. Abin da babu a kundi, kamar bai faru ba. Amma a shari'ar rai wajibi ne alƙali ya duba duk wata kariya da shaidu suka nuna, ko lauya bai ambace ta ba. In bai duba ba, suna da ikon sauke hukuncin daga 221 zuwa 224. Je ka nemi kwafin hukuncin da na shaidu mai hatimin kotu. In kuɗin lauya ya gagara, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da lauyoyi kyauta, tun 1976 take, kuma shari'ar kisa na cikin aikinta. Kada ku sayar da gonar tukuna.

Abu Hanan ya amsa:

Kowa na ta lissafin taku, ba wanda ke lissafin marayu huɗu. Ran mutum ya tafi a kan ruwan albasa. In an sassauta masa ya fito bayan 'yan shekaru, su wa zai dawo musu da ubansu? Ni dai ban ga abin ɗaukakawa a nan ba.

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Abu Hanan, zafinka na kan hanya, amma ka bar yaro ya nemi haƙƙin ɗan'uwansa. Shari'a ce ta ba shi.

Ɗana Ɗan Fadama, maganar Innarku zan taɓa, domin ba shirme take yi ba, wata shari'ar take tunawa. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka yi aiki da shi tun kafin zuwan Bature, mashhurin zance shi ne kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure. Wanda ya ɗaga hannu cikin fushi ya bugi mutum, ko da sanda ce, ya mutu, ganganci ne, ƙisasi ya hau. Ba a tambayar ko an zage shi ko an mare shi. Sai dai jinin na waliyyai ne. In sun yafe, ko sun karɓi diyya, an ɗauke takobi, sai bulala ɗari da ɗaurin shekara. Banda kisan gilla, wanda aka yaudari mutum aka kashe, shi ba yafiya.

Dokar Bature kuwa ta ɗauki tunzurawa da muhimmanci, amma ba ta san yafiyar dangi ba, domin a wajenta gwamnati aka yi wa laifi. Kowacce da ƙofar da ɗayar ba ta da ita. Wannan saɓani ya taɓa tayar da ƙura sosai. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, don a dokar Bature tunzurawar ta isa ta sauke laifin daga na kisa. Sarakuna da alƙalai ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Aka yi ta ja-in-ja har 1958, lokacin da gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat. Daga shawararsu aka samo Final Kod, aka ɗauko ta daga ta Sudan, ita ma daga ta Indiya ta 1860, ta fara aiki a 1960. Mu da muka kama aiki a shekarun 1970 mun tarar da tsofaffin alƙalai da har lokacin ba su huce ba.

To tunda a Babbar Kotu aka yi shari'ar ƙanenka da Final Kod, yafiyar dangi ba za ta goge hukuncin ba, alƙalan sama ma ba za su dube ta ba. Amma kada Inna ta janye dattawanta. Sashe na 212 na Tsarin Mulki ya ba Gwamna ikon afuwa ko sassauci, bayan ya ji shawarar kwamitinsa, kuma ba a rataye kowa sai ya sa hannu. Ranar da za a je gaban kwamitin nan, takardar yafiya daga waliyyan mamaci tana da nauyi. A rubuta ta a gaban mai gari da liman. Kuma ko ba don takarda ba, ku ci gaba da kai wa marayun nan buhun hatsi. Gari ɗaya za ku ci gaba da zama.

Wani abu daga aikina: kundin shari'a ba ya tafiya da kansa. Sai an buga, an haɗa, an tura. Na ga ƙarar da ta kwana shekaru don ba mai bibiya. Ka riƙa leƙa rajista da kanka, da fara'a, kana riƙe da lambar ƙarar a rubuce.

Sadiq Na Bompai ya amsa:

Ni fa tsoro nake ji muku. Ku tuna Oscar Pistorius, ɗan tseren Afirka ta Kudu mai ƙafafun roba da ya harbe budurwarsa ta ƙofar banɗaki. A 2014 an same shi da ƙaramin laifin, shekara 5. Da aka je sama a 2015 sai aka mayar da shi babban, ƙarshe a 2017 ya tashi da shekara 13 da wata 5. Wani lokacin garin neman gira a rasa ido.

Barista Uwani ta sake amsawa:

Malam Sadiq, Pistorius ba shi ya kai ƙarar ba, masu gabatar da ƙara ne suka ɗaukaka don suna ganin an yi masa sassauci. Sannan ƙaramin laifin da aka fara samunsa da shi, shi ma *culpable homicide* ake ce masa, amma a Afirka ta Kudu wannan kalmar kisan sakaci kawai take nufi, wanda ba niyya a cikinsa. Kotun sama ta ce wanda ya yi harbi huɗu cikin ɗan ƙaramin banɗaki ya san duk wanda ke ciki zai iya mutuwa, kuma ya ci gaba, don haka ba sakaci ba ne. Kalma ɗaya, ma'ana daban, irin ruɗanin da ya kama ɗan baffan Malam.

Shi kuwa wannan bawan Allah rataya aka yanke masa. Wane ido ya rage da zai rasa? Abin da zan ƙara kawai, a zuba duk ƙarfi a wannan matakin. In Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan ta ƙasa kan yadda abin ya faru, Kotun Ƙoli ba kasafai take taɓa abin da kotu biyu suka haɗu a kai ba, kuma zuwa can kwana 30 ne kacal.

Ɗan Fadama ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Abu Hanan, ban ji haushinka ba, abin da ka faɗa ni ma shi ke hana ni barci.

Baba Magatakarda, na bi shawararka. Sawu huɗu na yi kafin kwafin ya fito, shafi 41 hukuncin, na shaidu kuma ya fi haka kauri. Wani malamin makarantarmu ya zauna da ni daren jiya da fitilar waya yana fassara mini layi-layi har ƙarfe ɗaya.

Barista, ga abin da muka gani. Shaida na biyu yaro ne da ke aikin lambu a kusa. Da lauyan gwamnati ke tambayarsa bai ce komai kan shebur ba. Amma da namu ya tambaye shi me ƙanena ke yi lokacin da marigayin ya iso, sai ya ce, "Yana kwashe laka da shebur." Layi ɗaya ne, a ƙasan shafi. Mun bi hukuncin tun daga farko har ƙarshe, mai shari'a ya yi shafi uku kan kare kai ya ce babu, ya ambaci tunzurawa ya ce tafiya bukka ta kashe ta, amma ko sau ɗaya bai kawo maganar yaron ba, ƙaramin sashe na 4 ma ba mu gan shi ba. Ɗan sandan da ya ba da shaida kuma ya ce wani abokin aikinsa ne ya yi tafinta, an yi masa canjin wajen aiki. Ba a kira shi ba. Na Hausa kuma ba a kawo ba.

Na je gidan yari ranar Talata da takardar, ya dangwala a gaban jami'i. Ya rame, amma ya tambaye ni ko an yi dashe bana. Na ce an yi. Ban gaya masa injin ban ruwan na sayar na biya kuɗin kwafi da mota ba.

Gobe zan kai takardar rajista, kwana na 34 ke nan. Barista, in na ɗauki hoton shafin da yaron ya yi magana da na ɗan sandan, zan iya turo miki ta akwatin sirri ki duba kafin in kai wa lauyan hukumar?